FILIN 'YAN MATA: Esi Da Danshin Damina

 Yau hirar tamu ta esi ce, musamman ga amaren Haɗeja da masu shirin shiga daga ciki.

Duk 'yar Haɗeja ta san in Agusta ta kama, marka ta zauna, kogi ya cika ya batse, ko ba a yi ambaliya irin ta 2020 da 2022 ba, sai danshi ya shigo ɗaki. Jiki ya yi ta danƙo, katifa ta ɗau wari, leshi da atamfar lefe su yi fumfuna a akwati.

To 'yar uwa, danshin nan shi ne abin yaƙa. Wasu sai su kai esi 16, ɗaki ya koma firji, a tashi da mura, ga kuɗin wuta. Ki bar shi tsakanin 24 da 26. Duba rimot, akwai alamar ɗigon ruwa, ki zaɓe ta. Injin zai tsotse ruwan da ke cikin iska ba tare da sanyi ya yi yawa ba. Ki rufe ƙofa da taga, kar ki shanya jiƙaƙƙen kaya a ciki.

Ruwan da ke ɗiga ta bututun waje, danshin ɗakinki ne. Ki tara a bokiti ki ba shuka. Ba a sha, kuma in ya kwanta sauro ya samu gida. Ragar gaban esin, duk sati biyu ki cire ki wanke, ta bushe kafin ki mayar. In an dawo da wuta, jira minti 3 kafin ki kunna. In hadari ya taso da tsawa, kashe shi daga soket.

Sai babbar magana, turaren wuta. Don Allah kar ki bar kasko da garwashi a rufaffen ɗaki esi na aiki. Iskar ɗakin kawai yake juyawa, ba ya shigo da sabuwa, shi kuwa gawayi yana fitar da guba marar wari mai kisa cikin barci. Ki turara ɗaki taga a buɗe, ki fitar da kaskon, sannan ki kunna. Janareta ma a nisanta shi da taga.

Wadda ba ta da esi kuwa, rana na fitowa ki buɗe taga, ki fito da kayanki su sha iska. Rigakafi ya fi magani.

Sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, Antinku.