Ƙaurar talaka: abin da madugu ya sani, takardun Abuja suka manta

Idan aka yi wa ma'aikacin Gwamnatin Tarayya canjin wurin aiki, ƙa'ida ta tanadar masa kuɗin sufuri da alawus na kwana 28 na farko kafin ya samu muhalli. Wato gwamnati ta yarda cewa isa gari daban, zama a cikinsa daban. Amma da zarar batun sake tsugunar da 'yan gudun hijira ya hau teburin wannan ma'aikacin, sai lissafi ya tsaya a kan yawan motoci da buhunan shinkafa.

Yola kanta ƙaura ce ta haife ta. A 1841 Modibbo Adama ya kafa garin, bayan ya zauna a Gurin da Ribadu. Tarihi ya adana tafiyar Modibbo, bai damu da ta maƙeri ko majemi ko almajirin da ya biyo baya daga ƙasar Hausa ko Borno ba, alhali Fulatanci da Hausar da ke cakuɗe yau a unguwanni irin su Mbamoi shaida ce ta sawunsu.

Talakan wancan zamani ba ya tashi shi kaɗai. Sai ya jira an yi girbi, koguna sun janye, sannan ya raɓu da ayarin fatake. Mai hali yana da jaki ko takarkari. Wanda ba shi da shi, ya ɗora tabarma da tukunya a ka, matarsa da goyo, guzurinsu gero da ƙuli-ƙuli, wani ma dakon kayan fatake yake yi a bakin abincinsa. A tashi da asuba, a sauka zango kafin rana ta take. Madugu ne ke daidaitawa da sarakunan hanya da masu fito a bakin Binuwai. Idan guzuri ya ƙare, iyali kan yada zango a wani gari su noma damina guda, sannan su ci gaba. Uwa-uba, a ƙarshen tafiya akwai mai masauki, wanda zai gabatar da baƙo ga mai unguwa, ya nema masa gona.

Ba zamanin jin daɗi ba ne. Da yawa daga waɗanda suka bi waɗannan hanyoyi bayi ne, a ɗaure aka kora su.

A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram ta kama Mubi, dubban iyalai sun sake bin daji a ƙasa zuwa Yola, babu madugu, babu zango. An buɗe sansanoni a Malkohi da Damare, amma mafi yawansu gidajen jama'a ne suka ɗauke su a Jimeta da cikin gari. Tsohon tsarin masauki ne ya yi aiki, ba tare da kasafi ba.

Don haka duk takardar tsugunarwa da za ta fito daga NEMA ko Ma'aikatar Jinƙai ya kamata ta amsa tambayoyin madugu kafin a sa hannu. A wane wata za a tashi, kafin shuka ko bayanta? Wa zai sauke su, kuma me aka ware masa? Gonar wa za su noma a daminar farko?