Wasannin fatauci a sararin samaniya: a auna kaya da sikeli, a auna da tiya

Ƴan kasuwa, maza da mata, akwai wani irin wasan kwamfuta da ya kamata ku sa wa ido. A cikinsa yaro ke zama falke: ya sari kaya a wata duniya, ya loda a kumbo, ya kai wata duniyar ya sayar. Wasa ne, amma ciniki yake koyarwa, kuma awon da yake koyarwa gurgu ne.

Wasan Elite, wanda David Braben da Ian Bell suka fitar a Ingila a 1984, da tan yake lissafi. Kumbon farko na ɗaukar tan 20, ko tufafi ne ko ma'adinai, wurin da suke ci ɗaya ne. Shi kuwa EVE Online, da ya fito daga ƙasar Aisilan a 2003, girman kaya kaɗai yake dubawa. Komai nauyinsu, ba su rage wa kumbo gudu. Elite Dangerous na 2014 ya ɗan gyara, tunda nauyin kaya na rage nisan tafiya, amma bai raba mai cika wuri da mai nauyi ba.

Wane ɗan kamasho ne a tashar Maraɗi zai yarda da wannan? Katifa na cika mota tun ba ta ji nauyi ba. Siminti kuwa na karya ta alhali da sauran wuri. Kwantena mai ƙafa 20 na cin wajen mita kubik 33, amma ba ta wuce kimanin tan 28. Masu dakon kaya ta jirgin sama ma kan lissafa mita kubik ɗaya a matsayin kilo 167, su gwada da nauyin gaskiya, su karɓi kuɗin wanda ya fi yawa.

Haka ya kamata wasannin su yi. Kowane kaya ya zo da nauyinsa da girmansa, iyakar da aka fara kaiwa ita ke tsayar da lodi. Nauyi ya ci mai, girma ya ci wuri. Sai yaro ya koyi haɗa mai nauyi a ƙasa da marar nauyi a sama, don kada tafiya ta tashi a banza.

Kafin masu wasan su gyara, iyaye, ku tambayi yaro: buhun gishiri da na busasshen tattasai, kuɗin motarsu ɗaya ne? In ya ce e, ku kai shi tasha.