Agogon kwamfuta ya rikice, ba sai an goge komai ba

Masu shagunan intanet a Aboabo da Zangon Tamale sun san wannan rigima. Ɗalibi ya zo duba sakamakon WAEC ko cike fom ɗin jami'ar UDS, shafi ya ƙi buɗewa, wai babu tsaro. A leƙa kusurwar allo, sai a ga kwamfutar tana zaune a shekarar da ta wuce tuntuni. Irin waɗannan shafuka suna da takardar shaida mai wa'adi, kuma in kwanan watan na'ura ya kauce, ba ta yarda da takardar.

Abin haushi, wasu masu gyara da sun ji haka sai su ce a goge komai a sake zuba Windows. Hotuna da takardu su salwanta, ciwon kuma yana nan daram.

Galibi laifin wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, da ke maƙale a cikin na'urar. Shi ke riƙe agogo idan babu wuta. Tsofaffin kwamfutocin da ake saukewa a tashar Tema sun sha aiki a ƙasashen waje, batirin ya riga ya gaji, ga dumsor, wato yawan yankewar lantarki, yana ƙara masa nauyi duk sanda aka ɗauke wuta. Gane shi ba wuya: a gyara lokaci da dare, a cire soket, da safe an koma gidan jiya.

In kuwa mintuna daidai suke, awa ce ta kauce, to batir ba shi da laifi. Ghana tana kan GMT rani da damina (layin Greenwich ma ta Tema ya ratsa). Da yawa sukan zaɓi Landan a matsayin yankin lokaci a Windows, alhali Ingila tana tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshen Maris zuwa ta ƙarshen Oktoba. Zaɓin da ya dace da Tamale shi ne Monrovia da Reykjavik. Na'urar da aka saita a Kano kuwa kullum tana gaba da awa ɗaya.

Wadda ke lattin 'yan mintuna a hankali, a kunna mata daidaita lokaci ta intanet.

Nauyin dai yana kan dillalai. Wanda ya sayar da tsohuwar kwamfuta ya kamata ya sa mata sabon batir, ya saita mata lokacin Ghana kafin ya karɓi kuɗi. Mai saye kuma ya nemi a kunna ta a gabansa, ya duba kwanan wata kafin a fara ciniki.