A YAFE HARAJI KWANA UKU: WA ZAI CI RIBAR?

Ƴan'uwa, a wasu rassan jam'iyya ana ta zancen wata dabara ta Amurka, wai gwamnati ta ɗage harajin saye na ƴan kwanaki don talaka ya huta. Kafin mu ɗauke ta mu sa cikin buƙatunmu, ya kamata mu san yadda take aiki a can.

A Amurka kowace jiha ita ke yanka harajinta na saye. Jihar New York ta yi irin wannan hutu a 1997, Florida a 1998, Texas a 1999. A Texas kwana uku ne cikin watan Agusta, dab da komawa lakwal. Tufafi da takalma da kayan karatu ba a biya musu haraji, muddin abu guda bai kai dala 100 ba (dalar Amurka ke nan, ba dalarmu ta tamma biyar ba). Kowane kaya da lissafinsa: riga uku a dala 50 kowace, duka sun kuɓuta. Takalmin dala 110 kuwa haraji ya hau kansa gaba ɗaya. Harajin can yana kai 8,25 cikin ɗari a manyan birane, wato mai sayen takalmin dala 80 ya tsira da dala 6 da ɗoriya.

Ga inda maganar take. A Amurka kuɗin kaya daban, haraji daban, sai wurin biya ake ɗora shi, mai saye yana gani da idonsa. Ranar da aka ɗage, shi ma yana gani. Mu fa? TVA tamu 19 cikin ɗari ce, kuma a ɓoye take cikin farashi. Buhun sukari ko turmin atamfa da ya iso Maraɗi an riga an biya masa tun a duwan. Babban ɗan kasuwa ya ɗora wa mai kanti, mai kanti ya ɗora wa mai tebur. Idan aka ce yau an yafe, wa zai tilasta wa mai sito ya rage? Zai ce tsohon kaya ne, ya riga ya biya. Wani lokaci ma gaskiya ya faɗa.

Jamus ta rage tata daga 19 zuwa 16 cikin ɗari daga Yuli zuwa Disamba 2020. Wasu ƴan kasuwa sun rage farashi, wasu sun sa bambancin aljihu. A ƙasar da ake ba mai saye takardar shaida ke nan!

Sannan hutun kwana uku na mai kuɗi a hannu ne. Ma'aikaci mai albashi zai jira ranar ya kwashi kaya. Manomin Tasawa a watan Agusta rumbunsa ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, da me zai saya? Shi sai kaka.

Saboda haka ra'ayina, kada mu nemi hutun kwanaki. Mu nemi a sassauta a bakin duwan kan abin da kowane gida yake saye, na tsawon watanni, a kuma yi shelar sabon farashi a rediyo da bakin sankira ranar kasuwa.

Kowane reshe ya naɗa mutum biyu, mace da namiji. Kowace ranar kasuwa su rubuta kuɗin sukari, sabulu, man girki da littafin ƴan lakwal, su aiko wa magatakarda ƙarshen wata. Ranar da aka ce an yafe haraji, da wannan takarda za mu je wurin mai kanti.