Kada Ƙyalli Ya Ruɗe Ku Wajen Sayen Hedifon Na DJ

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in ja hankalin 'yan'uwana talakawa waɗanda 'ya'yansu suka kama sana'ar DJ a gidajen biki.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda. Da kakar bara na sayar da masara na haɗa wa ɗana kayan sauti. Da muka shiga birni sayen hedifon, yaro ya kafe sai wani mai ƙyalli marar waya, irin na Bluetooth, mai shago kuma sai zuga shi yake yi. To, ran bikin farko muka sha kunya. Ashe da hedifon DJ yake sauraron waƙar da zai saka nan gaba alhali wata tana tashi a lasifika, don ya daidaita bugunsu. Shi kuwa marar waya sautinsa makara yake yi kaɗan, sai kiɗa ya dinga cin karo, mata suka bar rawa suna kallonsa. Kafin a tashi ma caji ya ƙare.

Saboda haka jama'a, mai waya za ku saya, wanda yake toshe kunne sosai, bayansa a rufe. In bai tare ƙarar lasifika da ta janareta ba, yaro zai yi ta ƙara murya har ya illata kunnensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aunin ƙara 80, wato desibel, awa 40 ne iyakarsa a mako, ƙarar gidan biki kuwa ta wuce nan nesa. Wannan ya fi damuna a kan kuɗin masarar, wallahi.

A duba kuma ko kunnensa yana juyawa, don a saurara da ɗaya a bar ɗaya, ko kuma ana iya cire wayar a sake wata, domin ita ce take fara mutuwa. Irin Sennheiser HD 25, wanda aka fito da shi tun 1988, kusan kowane sashensa ana sayarwa daban. Yana da tsada, kuma jabu sun yi yawa, sai a tafi da wanda ya san kan abin.

Mu dai na biyun a bakin shago muka gwada shi, cikin hayaniyar kasuwa, kafin in ciro kuɗina.

Naka mai karatu a kullum,
Wani manomi daga karkara.