Kuɗin Fito da Ladan Gidan Waya

Jama'a, wasiƙu sun taru a kan magana guda, har ya zama ba dama in ƙyale ta wannan mako. Masu rubutowa galibi malaman makaranta ne da akawuna waɗanda ke da ɗa ko ƙane a Ingila, wasu kuwa su da kansu su ke can, suna sayen kaya daga wata ƙasa ta intanet. Kukansu ɗaya ne. An aika ƙunshi ta gidan waya, mai aikawa ya biya kuɗin kan sarki cif, amma da ƙunshin ya isa sai a jefa wa mai shi wani kati toka-toka ta ƙofa, a ce ba za a ba shi kayansa ba sai ya biya kaza. In ya duba lissafin sai ya ga kuɗi iri biyu ne. Ɗaya haraji, ɗaya kuwa an kira shi ladan ɗawainiya. Tambayar da a ke yi mini ita ce, wannan na biyun na wane ne, kuma bisa wane dalili?

To, bari mu bi ƙunshin tun daga saukarsa. Kowane ƙunshi mai ƙetare iyaka ta gidan waya yana ɗauke da takardar shaida manne a jikinsa, wadda a ke kira CN22 in kayan ƙanana ne, ko CN23 in masu daraja ne. A cikinta mai aikawa ke rubuta abin da ke ciki, da tamaninsa, da ko kyauta ce ko saye. Waɗannan takardu na Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ne, wadda aka kafa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1874. Ƙananan ƙunsa masu shiga Ingila su kan bi ta wani babban ɗakin tantancewa a Langley, kusa da filin jirgin sama na Heathrow, manya kuwa na hannun Parcelforce su kan bi ta Coventry. Can ma'aikatan kan iyaka ke duba takardar su yanka haraji. Sa'an nan kamfanin Royal Mail ya biya wa mai kayan wannan haraji daga aljihunsa, ya aika masa da katin nan, ya nemi kuɗinsa, ya ɗora ladansa a kai. A 2024 ladan Royal Mail fam 8 ne, na Parcelforce fam 12, in kuwa tamanin kayan ya haura fam 900 sai ya zama fam 25. Wanda ya ƙi biya har kwana 21 su ka wuce, sai a mai da ƙunshin inda ya fito.

Watau dai haraji na Gwamnati ne, ladan ɗawainiya kuwa ko anini cikinsa ba ya shiga baitulmali. Royal Mail ma ba ta hannun Gwamnati tun da aka sayar da hannun jarinta ga jama'a a 2013. Mai zagin kwastan saboda fam 8 ɗin nan ya saki reshe ya kama ganye.

Shi kansa harajin kashi biyu ne. Akwai harajin saye, wanda a ke kira VAT, kashi 20 cikin 100 tun daga Janairu na 2011. Akwai kuma kuɗin fito sosai, wanda ba ya hawa kan kaya sai tamaninsu ya wuce fam 135. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, harajin saye ba a kan tamanin kaya kaɗai a ke lissafa shi ba. Sai an haɗa da kuɗin kan sarki, da na inshora, da kuɗin fito in akwai, sa'an nan a cire kashi 20 daga jimlar. Ashe har haraji ma a kan yi masa haraji.

Ga misali na yadda abin ya ke kafin 2021, gama a lokacin ne ƙorafi ya fi yawa. Kayan saye da ba su wuce fam 18 ba, a da ba a karɓar kome a kansu. A Nuwamba na 2011 aka rage iyakar zuwa fam 15. To, a ce mutum ya sayi wani ɗan abu na fam 16 daga Amurka, kuɗin aikowa fam 4. Jimla fam 20, haraji fam 4. Ladan gidan waya kuwa fam 8. Ya biya fam 12 ke nan kafin ya taɓa abin da ya saya fam 16, kuma kashi biyu cikin uku na wannan kuɗi ladan karɓo harajin ne. Da tamanin kayan ya tsaya a fam 15 da bai biya ko kwabo ba. Fam guda tak ya jawo masa 12. Wannan lissafi ba wanda zai gan shi ransa bai sosu ba.

Ran 1 ga Janairu na 2021, sa'ad da Ingila ta gama fita daga tsarin kasuwar Tarayyar Turai, aka soke wannan rangwame na fam 15 ɗungum, aka kawo wata dabara. Kayan saye da ba su wuce fam 135 ba, mai sayarwa ne, ko kasuwar intanet da aka yi cinikin a cikinta, zai karɓi harajin tun wurin biya, ya miƙa wa Gwamnatin Ingila. In an yi haka ƙunshi ya kan wuce ba kati ba lada. Lalle wannan gyara ya rage kuka a kan ƙananan sayayya. Amma ya buɗe wata ƙofa, don kayan da ke zuwa daga Faransa ko Jamus, waɗanda a da su ke shiga kamar daga Landan zuwa Manchester, yanzu in sun wuce fam 135 su ma kati na jiransu. Ailan ta Arewa tana da nata tsari dabam, ban sa ta cikin wannan bayani ba.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne kyauta. Kyautar da mutum ya aika wa mutum, ba ciniki a tsakaninsu, in ba ta wuce fam 39 ba ba a karɓar kome. In ta wuce, harajin saye ya hau, lada ya biyo baya. A ce uba ya aika wa ɗansa ɗalibi babbar riga da hula don salla, ya rubuta tamaninsu fam 50, ya biya abin da ya kai fam 20 na kan sarki. Jimla fam 70, haraji fam 14, lada fam 8. Yaro zai nemo fam 22 kafin ya sa rigar da aka ba shi kyauta, ga shi kuwa ɗalibi ne, kowa ya san halin aljihun ɗalibi a ƙarshen wata.

Yanzu sai mu ji ta bakin gidan waya, don ba a yanke shari'a da jin ɓangare ɗaya. Su cewa su ke yi aiki ne su ke yi. Su ke gabatar da ƙunshi gaban kwastan, su buɗe in an ce a buɗe, su ɗaure, su ba da kuɗinsu rance, su ajiye kayan, su buga kati su kai. Kuɗin kan sarkin da aka biya a ƙasar da ƙunshi ya fito na ɗauka ne da kaiwa, bai haɗa da wannan ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya kuma ta yarda a karɓi lada saboda gabatar da kaya ga kwastan. Ba Ingila kaɗai ke yi ba. Gidan wayar Jamus yana karɓar yuro 6 a 2021, na Kanada dalarsu 9.95 a 2024. Kamfanonin aika saƙo na gaggawa ma su kan karɓi abin da ya fi haka. Suna kuma cewa wahalar ƙunshin fam 40 da ta ƙunshin fam 400 ɗaya ce, saboda haka lada ya zama ɗaya.

Duk na yarda da wannan, ban da abu biyu.

Na fari, mai karɓar ƙunshi bai yi ciniki da kowa ba. Dillali a kasuwa ya kan ci la'ada, amma kai ka kira shi, kuma la'adarsa tana bin girman ciniki, ba a taɓa jin la'adar akuya ta fi kuɗin akuya ba. Kalmar fito ma da mu ke amfani da ita asalinta daga bakin kogi ne, inda mai jirgi ke faɗa maka kuɗinsa tun kana tudu, ka ga dama ka shiga, ka ga dama ka nemi mashigi. A nan kuwa sai an ƙetare da kayanka sa'an nan a gaya maka farashi, kayan kuma suna hannun mai faɗin farashin. Gaskiya ne akwai hanyar kauce wa ladan, watau mai aikawa ya rubuta a takardar shaida cewa mai kayan da kansa zai yi bayani ga kwastan. Amma wanda ya bi wannan hanya zai cika cikakkiyar takardar shigo da kaya irin ta 'yan kasuwa, ya yi jira, kuma dole an shirya haka tun ƙunshi bai tashi ba. Wane uba ne a Katsina ko Maraɗi ya san da wannan?

Na biyu, yawancin aikin yanzu na'ura ke yi. Tun 2021 dokar gidajen waya ta duniya ta bukaci a aika bayanin ƙunshi ta kwamfuta kafin shi kansa ya iso. In lissafi na kwamfuta ne, biya kuma ta intanet, da wuya a ce wahalar tana nan yadda ta ke zamanin da akawu ke rubuta kowane kati da alƙalami. Gidan wayar Faransa ya gane haka, ya yi ragi ga wanda ya biya ta intanet kafin a kawo masa kaya ƙofar gida. A ganina abin da ya dace ke nan a ko'ina, a ƙara da ƙa'ida guda, kada lada ya wuce harajin da aka karɓo. Gidan waya ba zai talauce don wannan ba, gama ƙunsan da harajinsu bai kai fam 8 ba su ne ƙanana.

Akwai kuma wani ƙulli. In mutum ya ga an yi kuskure wajen yanka masa haraji, akwai takarda mai lamba BOR 286 da zai cika ya aika wa ma'aikatan kan iyaka tare da shaidar tamanin kayan. In ya yi gaskiya su mayar masa da harajin. Ladan kuwa ba su ne su ka karɓa ba, sai ya sake wata takarda zuwa wani ofis. Saboda fam 8 mutane nawa za su yi wannan zirga-zirga?

Kada a zaci maganar za ta tsaya a Ingila. Tarayyar Turai ta soke rangwamenta na yuro 22 ran 1 ga Yuli na 2021. Amurka, wadda ke barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga ba fito, ta soke wannan ga dukan ƙasashe ran 29 ga Agusta na 2025, har gidajen waya da yawa su ka dakatar da aika ƙunsa can na ɗan lokaci don ba su san yadda za su karɓo kuɗin ba. Dalilin duka ɗaya ne, ƙananan ƙunsa daga kasuwannin intanet, musamman na ƙasar Sin, sun yi yawan da 'yan kasuwar gida ke kuka. Nijeriya ita kuwa ta nufi wata fuska, don a Satumba na 2025 Hukumar Kwastan ta sanar da yafe fito a kan ƙananan kaya da ba su wuce dala 300 ba. Ko'ina haraji ya sauko kan ƙaramin ƙunshi, wani zai karɓo shi, mai karɓowa kuwa zai nemi lada.

Saura abin da mai aikawa zai iya yi da kansa. A rubuta tamani na gaskiya. Akwai masu ƙara kuɗi a takarda don a san sun yi kyauta mai tsada, to, su sani wannan alfahari ɗansu ne zai biya shi kashi 20 cikin 100. Akwai kuma masu ragewa, ko masu rubuta kyauta a kan abin saye, wannan kuwa laifi ne, ana iya ƙwace kayan. A rubuta abin da ke ciki filla-filla, riga ɗaya, hula biyu, kada a ce kaya kawai, don in an bar wa ma'aikaci ya yi ƙiyasi ba lalle ya yi shi da sauƙi ba. In kyautar ta mutum biyu ko uku ce cikin ƙunshi ɗaya, a naɗe ta kowa dabam da sunansa, a jera su dabam a takarda, kowannensu sai ya sami nasa rangwame na fam 39. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa kada a sa su sam, dokar Ingila ta hana shigo da nama da kayan nono daga ƙasashenmu ta wannan hanya.

Ku kuma da ke can, ku yi hattara da saƙon wayar hannu mai cewa ƙunshinku ya maƙale sai kun biya 'yan kuɗi kaɗan ta wani adireshi. 'Yan damfara sun yi ta aika irinsa da sunan gidan waya tun 2021, abin da su ke nema lambar katin banki ne. In kuna shakka, ku shiga shafin gidan wayar da kanku da lambar ƙunshin, ko ku ɗauki katin toka-tokan ku tafi ofishin da aka rubuta a jikinsa.