Bindigar da ke rataye tun 1976

Ƴan uwa, duk sa'ad da aka yi wani mummunan kisa a Maraɗi ko Damagaram, sai ka ji ana cewa: «A harbe su kawai!» Fushin yana da dalili. Amma ina ganin lokaci ya yi da Nijar za ta share hukuncin kisa daga kundin dokokinta.

Mu tuna wa aka harbe a ƙarshe. A 1976 ne, zamanin Seyni Kunce, bayan yunƙurin juyin mulkin watan Maris. Kwamanda Musa Bayere da wasu abokansa ne suka sha harsashi. Wato ranar da aka sauke wannan bindiga, rikicin mulki ne ya sauke ta. Tun daga nan kotuna na yankewa, ba a zartarwa. A Disamban 2010 an kawo batun sokewa gaban majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya, ta yi watsi da shi. Bindigar tana nan da harsashi a ciki, tana jiran wanda zai ɗauka.

Masu cewa addini ya yarda da ƙisasi, gaskiyarsu. Sai dai dokar tamu ta 1961 gadon Faransa ce, ita kuwa Faransar ta soke nata tun 1981. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta buɗa wa dangin mamaci ƙofar afuwa da diyya, malamai kuma sun ce shubuha tana kawar da haddi. Ina wannan ƙofa a kotunanmu?

Kuma alƙali mutum ne. A Amurka, Anthony Ray Hinton ya yi kusan shekara 30 yana jiran a kashe shi, sai a 2015 aka sake shi, shaidar bindigar da aka kama shi da ita ta rushe. Can ke nan, inda akwai ɗakunan bincike. To ina ga talakan ƙauye da aka rubuta maganarsa da Faransancin da bai iya karantawa ba, ya dangwala yatsa? Wanda aka kulle bisa kuskure ana iya buɗe masa kaso. Kabari ba ya buɗuwa.

Senegal ta soke a 2004, Togo a 2009, Chadi a 2020. Mai kisa ya tsufa a kaso, a tsaya wa marayun da ya bari. Rai kuwa, wanda bai iya mayar da shi kada ya yi gaggawar ɗaukarsa. Allah ya sa mu gane.